Wilfred Grenfell (1865–1940): Likitan da Karnuka Suke Ja a Kan Ƙanƙara

Mu mutanen Jibiya da kewaye iyakar sanyin da muka sani shi ne na hunturu. Daga Disamba zuwa Janairu iska takan taso daga hamada, ta biyo ta Maraɗi da Ɗan Isa, ta fasa mana leɓe da diddige. Direbobin da suka kwana a Magama suna jiran a ɗaga shinge sukan kewaye wuta da asuba, amma da hantsi ya yi kowa ya tuɓe rigar sanyinsa. Ƙanƙara kuwa iri biyu muka sani: wadda takan zubo kamar tsakuwa a farkon damina ta narke nan take, da wadda muke saye a watan Afrilu mu jefa a ruwan sha. Shi ya sa idan aka karanta Zabura 51 ko Ishaya sura 1, inda aka kwatanta tsarkakewa da farin dusar ƙanƙara, yawancinmu auduga ce take zo mana a rai.

Mutumin da za mu duba rayuwarsa a wannan darasi ya yi aikinsa ne a inda dusar ƙanƙara take mulki fiye da rabin shekara. Sunan wurin Labrado, a arewa maso gabashin nahiyar Amurka, tare da kan arewa na tsibirin Niyufanlan. Yau duka suna cikin Kanada, amma a zamaninsa ƙasa ce dabam a ƙarƙashin Ingila, sai a 1949 ta shiga Kanada. Dusar takan fara sauka tun wajen Oktoba ko Nuwamba, ba ta narkewa, sai dai ta taru bisa ta jiya. Iska ta kwashe ta ta jibge a jikin gidaje har ta rufe taga, wani lokaci mai gida sai ya haƙa hanya kafin ya fita. Teku da kanta takan daskare daga bakin gaɓa, a zamaninsa jirgin ruwa ba ya sake zuwa sai wajen Yuni ko Yuli.

Mun san abin da rufe hanya yake yi wa gari. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, mun ga yadda kasuwar Jibiya ta yi sanyi, kaya suka yi tsada, 'yan dako da masu abinci suka zauna hannu rabbana. To, a Labrado ta wancan zamani kowace shekara ake wannan rufewar, babu shugaban da za a roƙa ya buɗe, babu kuma ɓarauniyar hanya. Abin da ke cikin gidanka ran da jirgi na ƙarshe ya tashi, shi za ka ci har wata shida ko bakwai.

An haifi Wilfred Thomason Grenfell ran 28 ga Fabrairu 1865 a Parkgate, wani ƙauye a bakin ruwa a Ingila. Mahaifinsa limamin Anglikan ne mai makarantar kwana. Yaron ya tashi cikin iyo da tuƙa kwalekwale da harbin tsuntsaye, karatu bai dame shi sosai ba. Yana da shekara 18 ya shiga koyon aikin likita a Asibitin Landan, a unguwar matalauta ta gabashin birnin.

A 1885 yana dawowa daga duba wata majinyaciya da dare sai ya leƙa wani taron wa'azi na D. L. Moody, mai bisharar nan na Amurka. Ya tarar wani dattijo yana addu'a, ya ja ta ya ja ta ba alamar amin. Saurayin ya gaji ya tashi zai fita, sai Moody ya ce wa jama'a su rera waƙa kafin ɗan'uwan ya gama addu'arsa. Wannan ya ba Grenfell mamaki, ya koma ya zauna ya ji wa'azin har ƙarshe. (Masu jagorar sujada a cikinmu, a kula: saura kaɗan doguwar addu'a ta kori wannan mutum.) Bayan ɗan lokaci ya je wani taron inda 'yan gidan Studd, shahararrun 'yan wasan kurket, suka yi magana. Aka ce wanda ya yanke shawarar bin Almasihu ya miƙe. Wani ƙaramin yaro ɗan jirgin ruwa ya miƙe shi kaɗai a tsakiyar abokansa, ya san kuwa za su yi masa ba'a. Ganin haka Grenfell ya ji kunyar zamansa, shi ma ya miƙe.

Malaminsa, babban likitan fiɗa Frederick Treves, shi ya haɗa shi da wata mishan mai hidima ga masunta a teku. Ya yi 'yan shekaru yana bin jiragen kamun kifi a Tekun Arewa, yana ɗaurin karaya, yana wa'azi, yana yaƙi da jiragen da ke sayar wa masunta giya. A 1892 mishan ta aike shi ya gano halin masuntan Labrado. Ya ƙetare teku a jirgin filafilai mai suna Albert, suka iso birnin St. John's a watan Yuli suka tarar gobara ta cinye yawancinsa, hayaƙi bai ma gama tashi ba. Daga nan suka nufi arewa.

Majinyacin da ya fi tsaya masa a rai a wannan tafiya ya same shi ne a wani wuri da ake kira Domino Run. An kai shi wata bukka da aka lulluɓe da ƙasa da ciyawa, ya tarar da magidanci kwance ciwon huhu ya ci ƙarfinsa, matarsa tana ba shi ruwa da cokali, yara shida suna rakuɓe a kusurwa. Magani ba zai yi komai ba a lokacin. Abin da ya fi ciwon muni shi ne mutumin bai kama kifi ba a wannan shekara, ke nan iyalin za su shiga watannin ƙanƙara babu komai a gida. Kafin lokacin ya ƙare Grenfell ya duba majinyata wajen 900, a gaɓar da dubban masunta suke zuwa kowace shekara ba tare da likita ko ɗaya mazaunin wurin ba. Masu bisharar Morabiya sun riga shi da daɗewa, tun 1771 suke a Nain tare da mutanen Inuit, suna kuma ba da magani gwargwadon saninsu, amma suna can arewa nesa.

A shekara mai zuwa, 1893, ya dawo da likitoci biyu da nas biyu, Cecilia Williams da Ada Carwardine, aka buɗe ƙaramin asibiti a Battle Harbour, na biyu kuma ya biyo baya a Indian Harbour. Abin lura, a Disambar wannan shekarar ce Walter Gowans da Rowland Bingham da Thomas Kent suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar nan tamu. Biyu daga cikinsu daga Toronto suka taso, garin dusar ƙanƙara, suka zo zazzaɓi ya kashe Gowans a Girku, Kent a Bida, duka a 1894. Wasu sun baro sanyi zuwa zafi, shi kuma ya nufi sanyin.

Da farko aikin na lokacin kamun kifi ne kawai, likita ya zo da jirgi ya koma da jirgi. Amma mazauna wurin a lokacin ƙanƙara suke mutuwa. A sanyin 1899 zuwa 1900 Grenfell ya zauna a St. Anthony, a kan arewa na Niyufanlan, kuma a nan ne ya zama ɗalibi. Digirinsa na Landan bai koya masa yadda ake tafiya a kan dusa ba, masuntan da yawancinsu ba su iya karatu ba su suka koya masa.

Ga kaɗan daga abin da suka sani. Doki ba ya amfani a dusa mai zurfi, sai karnuka. Ana ɗaura su a wani amalanken katako mai tsawo marar ƙafafu, wanda yake sulɓi a kan sanduna biyu, suna kiransa komatik. Ba a buga masa ƙusa, da igiyar fata ake ɗaure shi domin ya riƙa lanƙwasa idan ya hau tudun ƙanƙara, kada ya karye. Kowane kare da igiyarsa, ja-gaba yana da mafi tsawo, babu linzami, da murya ake juya su dama ko hagu. Sau ɗaya ake ba su abinci, da yamma, domin kare mai cikakken ciki ba ya ja. Inda dusa ta yi laushi mutum yakan ɗaura wa ƙafarsa wani abu mai faɗi kamar faifai, saƙaƙƙe da tsirkiyar fata, ya shiga gaba yana taka wa karnuka hanya. Takalmi kuwa mata ke ɗinka shi da fatar sil, wata dabbar teku, su tauna fatar da haƙori ta yi laushi, su yi ɗinkin da ruwa ba ya ratsawa. Jiƙewa ita ce mutuwa a can: wanda ya yi zufa ko ya faɗa ruwa, tufafinsa za su daskare a jikinsa. Ruwan sha sai an fasa ƙanƙarar tafki da gatari ko a narka dusa a tukunya. A ƙarshen sanyi, hasken rana a kan farar dusa yakan ƙona ido mutum ya makance na kwanaki, sai a sa wani katako mai siririyar tsaga a rufe ido da shi. Iyalai da yawa kuma gida biyu ne da su. Da kifi ya ƙare sai su bar tsibiran da babu itace su koma cikin kurmi inda akwai makamashi da kariya daga iska, kamar yadda makiyayanmu suke tashi su bi ruwa da ciyawa.

Da wannan ilimi na aro Grenfell ya yi ta zaga ƙauyuka, tafiyar ɗaruruwan mil a sanyi ɗaya. Yakan yi fiɗa a kan teburin cin abinci da hasken fitila, ya cire haƙori, ya karɓi haihuwa, da dare ya tara mutanen gida a karanta Littafi Mai Tsarki a yi addu'a, sa'an nan ya kwanta a ƙasa kusa da murhu.

Bai daɗe ba ya gane yawancin cututtukan da yake gani daga tukunya suke fitowa. Abincin sanyi farin fulawa ne da shayi da baƙin ruwan rake. Zuwa watan Maris ganga ta kusa ƙarewa, kamar yadda rumbu yake yi mana a watan Agusta. Dasashi ya kumbura ya yi ta jini saboda rashin ganye, ƙafafu su shanye da ciwon beriberi, tarin fuka kuma ya bi gida gida domin mutum goma suna kwana a ɗaki ɗaya da aka toshe kowace kafa saboda sanyi. A bayan tukunyar kuma akwai bashi. Kifin da suke kamawa shi ne kod, irin wanda busasshensa 'yan'uwanmu na kudu suke kira okporoko. A farkon lokaci ɗan kasuwa zai ba masunci gishiri da koma da fulawa bashi, a ƙarshe ya karɓi kifin. Shi ke yanka farashin kayan, shi ke yanka farashin kifin, kuɗi ba ya shiga hannun masunci ko kaɗan. Akwai waɗanda aka haife su cikin bashi suka mutu suka bar wa 'ya'yansu. Idan shekara ta ɓaci ɗan kasuwa ya ƙi ba da kayan sanyi, babu wani shago da za a je. Duk manomin da ya taɓa cin buhu ɗaya a damina ya biya biyu da kaka ya san wannan igiyar.

A nan ne Grenfell ya fita daga abin da mishan ɗinsa ta aike shi yi. A 1896 ya tara masuntan Red Bay suka kafa shagon haɗin gwiwa. Abin da suka iya tarawa bai kai dala ɗari ba, shi ya ranta musu kuɗin kayan farko. Suka riƙa sayar da kifinsu da kansu suna sayo kaya a kan farashin gaskiya, cikin 'yan shekaru ƙauyen ya fita bashi. Ya kafa injin tsaga katako a Roddickton domin maza su sami aiki a watannin da babu su. Wata Ba'amurkiya, Jessie Luther, ta zo a 1906 ta tsara sana'ar hannu, mata suka riƙa saƙa dardumai a gida lokacin da dusa ta tsare su, mishan tana sayar musu a Amurka. Aka gina gidan marayu a St. Anthony da makarantar da ba ta tambayar ɗarikar yaro, a ƙasar da kowace ɗarika take riƙe da makarantunta. Aka koya wa mutane renon kabeji a ɗakin gilashi kafin dusa ta narke, da cin fulawar da ba a cire mata dusa ba.

Ba duk abin da ya taɓa ne ya yi kyau ba. Yawancin shagunan da aka buɗe bayan na Red Bay sun karye, domin shi mutum ne mai fara abu da zafi marar haƙurin lissafi, har sai da ya biya bashin wasu daga aljihunsa. A ƙarshen 1907 ya kawo wata irin barewar gida ta ƙasashen sanyi guda 300 daga Nowe, da makiyayansu, domin a sami nono da nama, su kuma maye gurbin karnuka. Garken ya yi yawa da farko, daga baya mafarauta da karnuka suka rage shi, aka kwashe saura. Masana sun gano daga baya cewa dabbobin sun shigo da wata tsutsa da ta kama barewar dajin tsibirin, tana nan har yau. Sa'an nan akwai maganar tara kuɗi. Yakan zaga biranen Amurka da Ingila yana nuna hotunan yara tsirara da bukkoki, mutanen Niyufanlan da yawa suka ji haushi cewa ya mai da ƙasarsu abin tausayi a idon duniya. 'Yan kasuwa sun kai ƙarar mishan, gwamnati ta yi bincike a 1917 ta wanke ta. Amma wancan ƙorafi na hotuna, mu da aka sha ɗaukar hoton yaranmu a kai Turai, ba za mu ce babu gaskiya a cikinsa ba. Wasu masu bi na zamaninsa kuma sun ga koyarwarsa ba ta da zurfi, ya fi maganar aikatawa fiye da maganar gicciye. A ganinmu suna da hujja, ko da yake wanda ya karanta Yakubu sura 2, inda ake tsauta wa mai sallamar ɗan'uwa da fatar baki ba tare da ba shi tufafi da abinci ba, zai ga inda mutumin ya kafa ƙafarsa.

Abin da ya sa duniya ta san sunansa ya faru ne a Ista ta 1908. Yana fitowa daga sujada a St. Anthony sai ga manzanni daga wani ƙauye mai nisan mil 60 a kudu. Wani yaro da ya yi wa aikin ƙashin cinya, ciwon ya ruɓe, ana tsoron ransa. Ya ɗaura karnukansa ya tashi, ya kwana a hanya. Da safe akwai zaɓi biyu: ya bi gaɓa ya zagaye wani babban lungun teku mai suna Hare Bay, ko ya yanke ta kan ƙanƙara. Mutanen wurin sun gargaɗe shi, domin lokacin narkewa ya yi kuma an yi ruwa da dare. Ya yanke, shi kaɗai.

Yana kusa da ƙetarewa iska ta juya ta fara busowa daga tudu. Ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsa, wadda dama gutsattsari ce da iska ta matse, ta saki. Amalanke ya nutse da kayansa. Ya yanke igiyoyin karnuka da wuƙa, da ƙyar shi da su suka hau wani ɓallin ƙanƙara da bai fi faɗin ƙaramin ɗaki ba, iska kuma tana tura shi zuwa tsakiyar teku. Babbar rigarsa da hula da safar hannu duk sun tafi, ya rage daga shi sai 'yan tufafin wasan ƙwallo, jiƙe sharkaf. Ya yanke dogayen takalmansa ya rufe bayansa. Da ya ga ba zai kai safe ba, ya yanka uku daga cikin karnukansa, Moody da Watch da Spy, ya feɗe su ya lulluɓa da fatun, ya jera gawarwakin su tare masa iska, ya rungumi babban karen da ya rage ya kwana. Da gari ya waye ya ɗaure ƙasusuwan ƙafafun matattun karnukan ya yi sanda, ya rataya rigarsa yana kaɗawa.

Bai sani ba, tun da yamma wasu masunta da suka je aikin sil a kan wani tsauni sun hangi baƙin abu a teku, aka ɗauko madubin hangen nesa aka tabbatar mutum ne. Da asuba mutum biyar suka tura kwalekwale cikin ƙanƙarar da take iya matse su ta niƙe, inda ba ruwa su ja shi da hannu, har suka kai gare shi. Suka ba shi shayi mai zafi suka komo da shi, hannuwa da ƙafafu sanyi ya ƙone su. Yaron da ya yi wannan kasada dominsa, bayan 'yan kwanaki da ƙanƙara ta buɗe aka kawo shi asibiti a jirgi, aka yi masa aiki ya warke.

An saba ba da wannan labari a matsayin jaruntaka, littafin da ya rubuta a kai ya kuma jawo wa mishan kuɗi da ma'aikata masu yawa. Mu dai idan muka auna, muna ganin ƙauna ce ta fitar da shi daga gida, gaggawa da ƙin jin shawara suka jefa shi ruwa, kuma ran mutum biyar masu iyali ya shiga haɗari saboda haka. Ya sa an kafa allon tagulla a gidansa don tunawa da karnukan uku. Sunayen karnukan sun fi na masu ceton yaɗuwa a duniya.

A 1909 ya auri Anne MacClanahan, 'yar Shikago, wadda ya haɗu da ita a jirgin ruwa. Ita ta sa tsari a rayuwarsa, ta kuma ɗauki nauyin tura yaran gaɓar karatu a Amurka da Kanada domin su dawo su yi aiki a gida. A 1914 aka kafa ƙungiya mai zaman kanta, International Grenfell Association, ta karɓi aikin. Daga nan yawancin lokacinsa ya koma yawon neman taimako, ainihin zaman ƙanƙara kuwa wasu ne suka yi shi: Dakta Henry Paddon a Labrado, Dakta Charles Curtis a St. Anthony, da nas-nas irin su Florence Bailey a Forteau, waɗanda sukan yi watanni su kaɗai, su ne likita su ne ungozoma. A 1927 aka buɗe sabon asibitin siminti a St. Anthony, a shekarar kuma Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir.

Ciwon zuciya ya tilasta masa ya huta a jihar Vermont ta Amurka. Anne ta rasu a 1938, a shekara mai zuwa ya kai tokarta St. Anthony, zuwansa na ƙarshe ke nan. Shi ma ya rasu ran 9 ga Oktoba 1940 yana da shekara 75. Aka kai tasa tokar aka sa a jikin wani dutse a kan tudun da ke bayan asibitin, kusa da ta matarsa. A 1981 ƙungiyar ta miƙa asibitocinta da dukan kayan aikinta ga hukumar lafiya ta jihar a kan dala ɗaya.